Yadda zaka juye bidiyon biki da na suna daga kaset, faifai ko tsohuwar waya zuwa tablet

Abinda ya sa na zauna na koyi wannan aikin Hajiyarmu ce. Wata rana bayan la'asar muna zaune a tsakar gida ta ce min wai ina kaset ɗin bikin Yaya, tana so ta ga Baba, don a cikin kaset ɗin ne kaɗai ake ganinsa yana tafiya yana magana, sauran duk hotuna ne, Allah ya jiƙansa da rahama. Kaset ɗin yana nan cikin akwatin ƙarfe ƙarƙashin gado amma dek ɗin da zai kunna shi ya mutu tun shekaru, kuma ko da yana aiki Hajiya ba zata iya jone-jonen wayoyi bayan talabijin ba. Tablet kuwa tana da shi, tana sauraron tafsiri da shi kullum, ta san inda zata taɓa. Toh shine na ce bari in kai mata bidiyon inda hannunta yake kaiwa. Abinda na bi daki-daki shi zan rubuta anan, don na san kusan kowane gida akwai irin wannan akwatin.

Kafin ka taɓa komai ka fito da duk abinda kake da shi ka shimfiɗa akan tabarma ka raba su gida-gida, don kowanne da hanyarsa. Akwai babban kaset na VHS, akwai ƙananan kaset na kyamara irin su Mini DV da Hi8, akwai faifan VCD wanda muke ce wa sidi, akwai DVD, sannan akwai wanda ke cikin tsofaffin wayoyi da memori da filashi. Ka samu biro da takarda ka rubuta me ke cikin kowanne in an sani, in ba'a sani ba ka sa masa lamba kawai. Ka fara da kaset, shi yafi kusa da mutuwa, zafi da danshin damina suna cinsa a hankali kuma tun 2016 kamfanin Funai na Japan, wanda shine na ƙarshe da ke ƙera dek ɗin VHS, ya daina, ma'ana duk dek ɗin da ka gani a kasuwa yanzu tsoho ne kuma kullum raguwa suke.

Sai ka duba tablet ɗin shi kansa. Shiga Settings ka nemi Storage ka ga giga nawa ya rage. Lissafin da nake yi shine awa ɗaya na bidiyon kaset ko na DVD bayan an matse shi yana cin wajen giga ɗaya, wani lokacin ƙasa da haka, kaga biki guda mai kamu da ɗaurin aure da walima da kai amarya zai iya cin giga uku zuwa huɗu. In tablet ɗin mai 32GB ne kar ka ɗauka duka naka ne, shi kansa Android ɗin da manhajoji sun cinye wani kaso, gara ka sa memori. Ka duba gefensa ka ga ko akwai ramin memori, sannan ka duba bakin cajinsa, Type-C ne ko ƙaramin baki irin na da, don shi zai nuna maka wane kebul da wane OTG (ɗan mahaɗin da ake soka filashi a tablet da shi) zaka saya. iPad bashi da ramin memori kwata-kwata, zan zo kansa daga baya.

Maganar memori dan Allah a kula. Na jabu sun yi yawa, zaka ga an rubuta 128GB a jiki, ka sa a waya ma ta nuna maka 128GB, amma ainihin cikinsa bai fi 8GB ba, kana ta zuba bidiyo yana karɓa yana karɓa sai ranar da ka zo buɗewa ka tarar duk sun lalace. Akwai ƙaramar manhajar kwamfuta mai suna H2testw, kyauta ce, tana cika memorin da bayanai sannan ta karanta ta gaya maka gaskiyar girmansa, tana ɗaukar lokaci amma ka yi haƙuri ka barta ta gama kafin ka ɗora masa amanar bidiyon gidanku. In farashin ya yi arha fiye da hankali ka bar shi.

Na cikin waya

Wannan shine mai sauƙi, bari in wuce shi da sauri. In wayar Android ce kuma tana kunnuwa, ka buɗe Xender a wayar da tablet ɗin duka ko ka yi amfani da Quick Share wanda da ake kira Nearby Share, ka zaɓi bidiyon ka tura, ba ya cin data. Bidiyon da aka ɗauka da kyamarar wayar suna cikin folda DCIM sannan Camera, waɗanda aka turo ta WhatsApp kuma a sabbin wayoyi suna ɓoye a Android, media, com.whatsapp, WhatsApp, Media, WhatsApp Video, mutane da yawa suna mance wannan foldar alhali rabin bidiyon sunan yaran gidan a nan suke.

Abu ɗaya da zan hana ka shine tura su ta WhatsApp yadda aka saba, saboda yana matse bidiyo ya rage masa kyau, fuska ta koma dishi-dishi. In dole sai ta WhatsApp ɗin, misali ƙanwarka tana Kaduna kai kana Katsina, ta tura shi a matsayin Document, a haka yana zuwa yadda yake har girman 2GB. Tsofaffin Nokia da ire-irensu kuma ka zare memorin ka sa a kad rida, abin da ake jona memori da kwamfuta, zaka ga fayil masu ƙarewa da 3gp, ƙanana ne hoton ba wani kyau amma VLC, manhajar kallon bidiyo, yana kunna su lafiya lau, kar ka goge su don ka ga basu da kyau, wani lokacin muryar kaka a nan kaɗai ta rage.

Faifan sidi da DVD

Anan dole sai da kwamfuta mai cin faifai. Laftof na yanzu yawanci basu da wurin, sai ka nemi na waje mai jona USB, ko ka ari tsohuwar laftof wajen wani. Ka fara goge faifan da tsumma mai laushi daga tsakiya zuwa baki, a miƙe, banda zagayawa, don gogewa a zagaye in ta ja layi tana bin hanyar da bayanan suke ne ta ɓata su da yawa. In da maiƙo ko yatsun yara ka ɗan jiƙa tsumman da ruwa ka bari ya bushe sarai.

In VCD ne, ka buɗe faifan ta File Explorer, kar ka bari ya kunna kansa, zaka ga folda mai suna MPEGAV, cikinta akwai fayil irin AVSEQ01.DAT, wani lokacin da na biyu da na uku, to waɗannan sune bidiyon. Ka kwafe su zuwa kwamfuta, ka canza ƙarshen sunan daga DAT zuwa mpg, yawanci shikenan VLC zai kunna. Kar ka yi mamaki in ka ga hoton ya ɗan farfashe akan tablet, VCD dama ƙaramin hoto gare shi, 352 da 288, ba abinda zaka yi ya koma kamar na yanzu, duk wanda ya ce maka zai mayar maka da shi HD girman fayil kawai zai ƙara maka. Kuma tunda faifan VCD baya wuce minti 80 shiyasa biki ɗaya yake zuwa faifai biyu ko uku, ka kula kowanne faifai sunan fayil ɗinsa AVSEQ01 ne, in ka zuba su folda ɗaya ba tare da canza suna ba na biyu zai hau kan na farko.

DVD kuma folda ce mai suna VIDEO_TS, ciki akwai fayil ɗin VOB a yanke-yanke kowanne kusan giga ɗaya. Zaka iya kwafe su haka nan amma kallo a tablet zai zama wahala, ana tsakiyar kamu sai ya yanke sai an nemo na gaba. Abinda yafi shine ka fara kwafe foldar VIDEO_TS gaba ɗayanta zuwa kwamfuta, sannan ka sauke HandBrake, manhajar juya bidiyo da matse shi, kyauta ne, ka buɗe shi ka nuna masa foldar. A sama wajen Title zai nuna maka sassan da ke ciki da tsawon kowanne, ka zaɓi mafi tsawo, in akwai biyu ko uku masu tsawo to kowanne taro ne daban sai ka yi su ɗaya bayan ɗaya. A Preset ka zaɓi Fast 576p25, don faifanmu na nan tsarin PAL ne, Format ka bar shi MP4, a shafin Video ka tabbata H.264 ne, kar ka zaɓi H.265 duk da yafi matse fayil saboda ƙananan tablet masu arha suna shaƙewa da shi. Lambar RF ka barta tsakanin 20 da 22. Ka zaɓi inda zai ajiye a ƙasa, ka danna Start Encode, ka je ka yi sallah ka dawo.

In kwafin ya tsaya a tsakiya ya ce cyclic redundancy check to faifan ya karce ne a wurin. Kar ka jefar, ka gwada shi a wata kwamfutar daban don wani injin yafi wani haƙurin karatu, ni akwai faifan sunan ɗan Yaya da ya ƙi a laftof biyu ya yarda a ta uku. In duk ya ƙi, ka kunna shi a DVD na talabijin ka ɗauke shi ta hanyar da zan faɗa ta kaset, don DVD na talabijin yana tsallake wurin da ya karce ya ci gaba.

Kaset, inda aikin yake

Ka ɗauki kaset ɗin ka leƙa ta gilashin nan na gaba. In ka ga fari-fari kamar gari ko kamar auduga akan naɗin to fumfuna ce, kar ka sake ka sa shi a dek, zai ɓata kan dek ɗin kuma ya shafa wa duk kaset ɗin da ya biyo baya, wannan sai an kai wa mai gyara ya buɗe ya share a hankali. In tsaf yake, ka duba gefen da ake liƙa suna akwai ɗan harshen roba, ka karya shi, da zarar babu shi dek ba zai yarda ya yi rikodin akan kaset ɗin ba ko da yaro ya danna jan maɓalli bisa kuskure. Da yawa daga bidiyon gidaje haka suka tafi, an ɗora musu wasan ƙwallo a kai.

Dek ɗin da zaka yi amfani da shi, aro ne ko saye, kar ka fara gwada shi da kaset mai daraja. Ka nemi wani kaset da baka damu da shi ba ka sa, ka gani ko yana tauna. Dek ɗin da ya shekara goma a ajiye belinsa ya saki, ƙurar hunturu ta shiga ko'ina, gara ka kai wa mai gyaran rediyo da talabijin ya buɗe ya goge kan ya duba bel, kuɗin da zaka bashi bai kai baƙin cikin ganin kaset ɗin auren iyayenka ya naɗe a cikin inji ba. Bayan nan ka sa kaset ɗin gaskiya, ka tura shi gaba har ƙarshe ka dawo da shi farko sau ɗaya ba tare da kunnawa ba, hakan yana saki naɗin da ya manne da juna saboda daɗewa.

Kayan haɗin su ne ɗan abin nan mai kama da filashi da wayoyi a jelarsa da ake kira EasyCap ko video capture, masu sayar da kayan kwamfuta sun san shi, sai wayar nan mai kai uku, rawaya da fara da ja. Rawaya hoto ce, fara da ja sauti. Ka jona su a bayan dek inda aka rubuta OUT, ba IN ba, ɗaya ƙarshen kuma a jikin EasyCap launi da launi, sannan ka soka shi a laftof. In dek ɗin rami biyu kawai gare shi, rawaya da fari, ba matsala, sautinsa guda ne.

Sai ka sauke OBS Studio, manhajar da zata ɗauki bidiyon a laftof, shima kyauta. A ƙasa wajen Sources ka danna alamar ƙari ka zaɓi Video Capture Device, a jerin ka zaɓi na'urar, zata iya fitowa da suna kamar USB Video ko AV TO USB, kar ka zaɓi kyamarar laftof ɗin. Ka danna play a dek, in hoto ya fito alhamdulillahi. In ya fito baƙi da fari ko yana birgima to tsarin launi ne bai dace ba, ka shiga Configure Video ka sa PAL. Kaset ɗin da aka aiko daga Amurka NTSC ne, wanda kuma aka ɗauka daga talabijin a Nijar zai iya zama SECAM, sai ka canza ka gani. In hoto na zuwa babu sauti ka ƙara Audio Input Capture ka zaɓi na'urar, ka tabbata koren layin sauti yana motsi, sannan ka kashe makirufon laftof ɗin, in ba haka ba duk hirar da kuke yi a ɗakin da kukan akuya zasu shiga cikin bidiyon.

A Settings wajen Video ka sa girman 768x576 a duka gidajen biyu, FPS kuma 25, ka dawo ka danna hoton ka matsa Ctrl da S ya cika fili. In kana ganin layi-layi kamar haƙoran mataji idan mutane suna motsi, ka danna dama akan hoton ka nemi Deinterlacing ka zaɓi Yadif. Yanzu ga wanda yafi komai muhimmanci a wajenmu: a Output wajen Recording Format ka zaɓi mkv. Dalili, in kana ɗauka a tsohon tsarin mp4 sai aka ɗauke wuta laftof ta mutu, duk abinda ka ɗauka ya tashi a banza, amma mkv yana tsayawa daidai inda aka tsaya. In ka gama sai ka shiga File ka danna Remux Recordings ya mayar da shi mp4 cikin ɗan lokaci ba tare da ya rage komai ba.

Kaset baya sauri, in awa uku ne sai ka zauna awa uku. Don haka ka zaɓi lokacin da kake da tabbacin wuta, inbata ko sola ko janareto da isasshen mai, saboda ɗauke wuta kaset na ciki yana juyawa shima hanyar taunawa ce. Ka fara danna Start Recording sannan ka danna play, kar ka yi wani aiki a laftof ɗin, kar ka buɗe intanet, in ta yi nauyi sauti da hoto zasu rabu ka ga baki na motsi magana na zuwa daga baya. Ka fara gwajin minti biyu ka kalla ka saurara kafin ka saki dogon. In akwai ɗige-ɗige fari kamar ƙanƙara a ƙasan hoto ko a tsakiya ka daidaita da maɓallin tracking a rimot. Kuma ka bari kaset ɗin ya kai ƙarshe ko da ka ga kamar biki ya ƙare, masu ɗaukar bidiyo na da suna cike ragowar da wani abu, mu a ƙarshen namu muka tarar da minti shida na Baba zaune a zaure yana gaisawa da baƙi, ba wanda ya san da shi a gidan.

Ƙananan kaset na kyamara hanya ɗaya ce, kyamarar ce zata zama dek, tana da wayarta mai fita da rawaya da fari da ja. Mini DV yafi kyau ta FireWire in ka samu tsohuwar kwamfuta mai wannan ramin, awa ɗaya na cin wajen 13GB sai ka matse da HandBrake daga baya.

In duk wannan ya yi maka yawa ka kai wa masu juyawa, ba laifi bane, amma ka ce musu MP4 kake so a filashi, ba DVD ba, in ba haka ba ka koma baya. Kuma ka yi tunanin abinda ke ciki. Bidiyon kamu da na lalle da zaman ɗakin amarya mata ne a sake cikin gida, iyayenmu da yayyenmu, wasu yanzu matan aure ne wasu sun rasu, ba abin da za'a bari a kwamfutar shago bane kowa na wucewa yana kallo. Ka kai wa wanda ka yarda da shi, in da hali ka zauna a wurin, in an gama ka sa a goge kwafin a gabanka har cikin Recycle Bin, ka karɓo kaset ɗinka.

Zubawa a tablet

Kafin ka tura ka gyara sunaye a kwamfuta, don a can yafi sauƙi. Ka fara da shekara sannan taron, kamar 2003 Bikin Yaya 1 Kamu, 2003 Bikin Yaya 2 Ɗaurin aure, 2007 Sunan Auta, 2010 Dawowar Hajiya daga Makka, a haka zasu jeru da kansu. Shekarar da baka sani ba ka tambayi manya tun suna nan, su suke tuna wace shekara ce ta wace.

Ka jona tablet da kwamfuta da kebul mai ɗaukar data, wasu kebul ɗin caji kawai suke yi, in kwamfuta bata ga komai ba ka fara zargin kebul. Ka buɗe makullin tablet ɗin, ka ja allon daga sama zaka ga saƙon USB, ka taɓa ka zaɓi File transfer. Zai fito a This PC, ka shiga, ka buɗe sabuwar folda a cikin Movies ko a memori ka kira ta Bidiyon Gida, ka zuba. Copy zaka yi, banda Cut, in kebul ya motsa a tsakiyar Cut zaka iya rasa nan ka rasa can. Ka tura biyu-biyu ko uku-uku, in ka jibga masa giga ashirin lokaci guda yana iya maƙalewa.

Ni hanyar da na fi so ita ce in zare memorin in sa a kad rida in zuba kai tsaye daga kwamfuta, tafi sauri nesa ba kusa ba. Lokacin da ka fara sa memori a tablet in ya tambaye ka, ka zaɓi Portable storage, kar ka zaɓi Internal, don in ka mayar da shi na ciki yana ɗaure shi da wannan tablet ɗin kaɗai, ranar da tablet ya faɗi a ruwa memorin ba zai buɗu a ko'ina ba. In kuma kana tura fayil ya ce ya yi girma alhali akwai wuri, to memorin ko filashin FAT32 ne, baya karɓar fayil ɗaya da ya wuce 4GB, sai ka kwashe abinda ke ciki ka yi masa format zuwa exFAT, ko ka matse bidiyon ya sauko ƙasa da haka. Wanda bashi da kwamfuta a kusa kuma bidiyon na filashi, ɗan OTG ya ishe shi, ka soka filashin a tablet ka buɗe Files ka kwafa.

Masu iPad, tun iPadOS 13 manhajar Files tana ganin filashi, in bakin Type-C ne ka soka kai tsaye, in Lightning ne sai da adafta kuma wani filashin sai an haɗa da caji kafin ya tashi. Ka sa VLC daga App Store, ka kwafi bidiyon zuwa foldar VLC da ke ƙarƙashin On My iPad. Akwai kuma Sharing via WiFi a cikin VLC ɗin, in ka kunna zai baka adireshi, ka rubuta shi a burauzar kwamfutar da ke kan wifi ɗaya ko hotspot ɗaya ka ja fayil ɗin ka saki a shafin.

Bayan ka zuba kar ka ce ka gama sai ka buɗe kowane bidiyo a tablet ɗin, ka kalli farko, ka ja tsakiya, ka ja ƙarshe, ka ji sauti. Ka sa VLC a Android ɗin ma, don manhajar da ke zuwa da tablet tana ƙin wasu fayil ko ta kunna hoto ba murya. In mutane sun fito a baje kamar an danne su ka canza girman allo zuwa 4:3, baƙin da ke gefe biyu haka ya kamata ya kasance. Bidiyon iPhone in ya ƙi ko yana tsalle-tsalle, HEVC ne, wato H.265, ka wuce da shi ta HandBrake ya koma H.264.

Tablet wurin kallo ne kawai, yara na ɗauka, yana faɗuwa, ana sacewa, wani jikan zai goge don ya samu wurin gem. Ka bar cikakken kwafi a hard disk na waje ko a kwamfuta, ka ba wani ɗan'uwa da ke wani gida kwafi na biyu, mafi daraja a ciki kuma ka ɗora a Google Drive, 15GB suke bayarwa kyauta, ka yi da datar dare in tafi maka arha. Kaset da faifan asali ka mayar da su kwalinsu ka jera su a tsaye a wuri mai sanyi da ba danshi, nesa da lasifika saboda maganaɗisun da ke ciki. Kuma ku yi magana a gida tun wuri cewa ba mai yanko wani yanki ya sa a status ko TikTok sai da iznin waɗanda ke ciki.

In don dattijuwa kake yi kamar ni, ka ƙarasa mata aikin. Ka jawo VLC zuwa fuskar farko shi kaɗai a wuri mai fili, ka ƙara girman rubutu a Settings, ka nuna mata alamar kwaɗon da ke kulle allo don kar hannunta ya riƙa tsallakar da bidiyon in ta riƙe gefe, sautin kaset in ya yi ƙasa ka haɗa mata da ƙaramar lasifikar bulutut. Ka zauna da ita ku buɗe tare sau biyu sau uku har hannunta ya saba. Ranar da na kai wa Hajiya nata sai da ta sa na mayar da wurin zauren nan sau huɗu, tana nuna min mutanen da ke shigowa gaida Baba tana faɗin sunan kowa da unguwarsu, ni kuma na ɗauko takardar nan da na fara lissafin kaset a kai ina rubutawa a bayanta.